Gashin Fiffiken Hagu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bahago ne. A Zango, unguwarmu ta Hausawa a Lome, ba a manta wa mutum wannan, ko da ya girma ya iya cin tuwo da dama. Kakarmu ta ɗaure masa hannun yana yaro, malamin allo ya sha bugunsa a kai, har ya iya gaisawa da rubutu da miƙa kaya da hannun dama kamar kowa. Abu ɗaya ne hannun hagu ya ƙi saki, shi ne raket. Da wannan hannu ya zama zakaran ƙasa a wasan tanis, daga baya kuma a badminton, kuma kowa a unguwa, har yara ƙanana, Bahago suke kiransa.

Tun rasuwar kakarmu yake zaune a gidanmu. Ɗakinsa a cikin gida yake, kusa da na Inna, mahaifiyata, ba a waje inda samari ke kwana ba, tunda ɗan'uwan matar gida ne. Da na shiga lise, wato babbar sakandare, sai aka mai da ni ɗakin, domin nan ne kaɗai akwai tebur. Ni mutum ne da ba ya yawan magana, shi kuma ba ya iya zama shiru, sai muka dace. Purofesa yake kirana. Idan ya dawo ya tarar da ni a kan littafi, sai ya ɗora mini rigarsa mai gumi a ka, ya ce in duba masa ko akwai maganin ciwon gwiwa a shafin.

Da tsintar ƙwallo ya fara, a kulob ɗin Turawa da ke bakin teku. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa raket ɗin katako mai tsage a wuya, ya ɗaure tsagen da igiyar kamun kifi, ya riƙa buga bangon bayan kulob da ƙafa ba takalmi bayan masu wasa sun tashi. Lokacin da manyan ma'aikatan gwamnati suka gaji kulob ɗin, sun gaji Kawu tare da shi. Su suka fara sa shi ya tsaya musu a ɗaya ɓangaren raga, kuma ya gane da wuri wanda ake bari ya ci da wanda ake cinyewa. Da aka buɗe gasa ga kowa, babu wanda ya tsaya masa. Rediyo ta faɗi sunansa, jarida ta buga hotonsa da bajen jam'iyya a ƙirji, kamar yadda kowa ke sawa a wancan zamanin idan za a ɗauke shi hoto. Ya je Ankara, ya je Kwatano, ya je Abijan. Kofunan da ya ciyo suna jere a saman kabad ɗin Inna, tsakanin kwanukan tangaran ɗinta.

Zango ta yi alfahari da shi, amma alfahari mai kallon gefe. Mutanenmu fatake ne da dillalan shanu da masu motoci. Sun san yadda ake samu da yadda ake asara, ba su san sana'ar da mutum zai sa gajeren wando fari ya je ya yi gumi da manya, ya dawo ba ya faɗin abin da ya ji a can ba. Tanis dai an san shi, duk wanda ya bi hanyar bakin teku ya hango ta cikin waya. Badminton kuwa a wani zaure ake yinsa cikin unguwar ma'aikatu, da soja a bakin ƙofa, inda ɗan Zango ba ya zuwa sai in an kira shi. Kawu ya fara shi ne da damina, lokacin da filin tanis ke jiƙewa. Mu duka mun ɗauka tanis ne na cikin ɗaki, da ƙwallo ƙarama. Ni ma da nake kwana da shi haka na ɗauka.

A shekarar da nake magana, an zo an shafa jan fenti a bangwayen unguwa, aka ce Zango za ta tashi daga tsakiyar gari ta koma arewa, wajen Agoè. Babu wanda ya yi gardama a fili. Baba ya sami filinsa kamar kowa. Kullum bayan la'asar sai ya tsuguna a tsakar gida ya zana sabon gidan a ƙasa da tsinke, ya share, ya sake zanawa. A duk zanen akwai ɗakin Kawu, kusa da na Inna.

Sai mai goro ya kawo labari. Maƙwabcinmu ne, rumfarsa tana kasuwar Adawlato, kuma ba maƙaryaci ba ne, abin da ya sa maganarsa ta yi nauyi ke nan. Ya ce da idonsa ya ga Bahago a bayan kasuwa, wajen matan ƙabilar Mina masu sayar da kaji da agwagi, layin da masu bautar gumakan bodu ke sayen abin yankansu. Ya ce ba agwagwa Bahago yake saye ba. Tsugunawa yake a gaban kwandon fiffiken da aka figa, yana zaɓen gashi ɗai-ɗai, farare ƙal, yana ɗaga kowane sama yana duba lanƙwasarsa. Matar ta ce wa mai goro ai tsohon mai cinikinta ne, kuma ba ya karɓar na fiffiken dama ko kyauta ne. Na hagu kaɗai.

Duk wanda ya tashi a Lome ya san inda ake ganin farin gashin tsuntsu. Yana manne a kan gumakan ƙasa da ke ƙofar gidajen wasu unguwanni, da manja da busasshen jini. Muna wucewa ta gefensu mu kau da kai mu yi a'uzu. Kafin Juma'a ta zagayo, an haɗa gashin da hannun hagu da kofunan da ke kan kabad, an sami amsar tambayar da aka daɗe ana yi a zuci, wato yadda ɗan tsintar ƙwallo ya kasa faɗuwa.

Mazan layinmu tare suke cin abincin magariba a ƙofar gidanmu, kowane gida ya fito da kwanonsa. Ba wanda ya hana Kawu zama. Amma na lura duk inda ya sa hannu, sai a bar masa wannan gefen kwanon, a koma wani. Ya lura shi ma. Ya ci gaba da barkwancinsa kwana biyu, daga nan ya fara cewa ya ci a kulob.

Baba ba zai iya tambayarsa ba. Ƙanen mata ne, akwai kunya a tsakaninsu, kuma tambayar irin wadda in an yi ta ne ba ta komawa. Ni ya kira. Ya sa ni na raka shi masallaci ta doguwar hanya, ya ce ni nake kwana da mutumin nan, kuma ya san ba na ƙari ba na ragi, in gaya masa abin da na gani.

Na gani kuwa. Akwai gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadon Kawu wanda ban taɓa buɗewa ba, amma na sha ganinsa a buɗe. Ranar Lahadi da hantsi, idan Baba ya fita, yakan ɗauko butar ƙarfen da Inna ke ɗumama wa Baba ruwan alwala, ya ɗora ta a kan gawayi har ta tafasa, ya shigo da ita ɗaki ya tura ƙofa. Sai ya riƙe gashin a kan tururin da ke fita ta bakin butar, yana juya shi a hankali. Ya yanke kawunan da reza su zama tsayi ɗaya, ya jera su a kan tebur ɗina, leɓunansa suna motsi. Ya ɗaure su ƙulli-ƙulli da farin zare, ya sa a jakar wasansa. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce kayan aiki ne, in kula da lissafina. Ban sake tambaya ba, ban kuma sa wa abin suna a raina ba sai da mai goro ya sa masa.

Duk wannan na faɗa wa Baba yadda yake. Da na zo kan butar sai ya tsaya da tafiya.

"Butata?"

"Ita ce, Baba."

"Me yake faɗa in bakinsa na motsi?"

Na ce ban ji ba. Ya ce ko Larabci ne, na ce ban sani ba. Muka ƙarasa masallaci. Washegari Inna ta ɗumama masa ruwa a tukunyar miya da ta wanke, butar kuwa aka ajiye ta bayan randa. Da la'asar ta yi na duba zanen da ke ƙasa, na ga babu ɗakin Kawu.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na kama kaina ina duban abubuwan da na saba gani da wani ido. Me ya sa yake shiga ɗaki da ƙafar hagu? Me ya sa yake taɓa ƙasa da raket kafin ya sa shi a jaka? Akwai wani tabo a kafaɗarsa da ya ce waya ce ta yanke shi a kulob, sai na fara ganin kamar tsagar da ake yi wa mutum a zuba magani. Na mai da Alƙur'anina daga kan tebur zuwa ƙarƙashin matashina. Ya gani, ya yi dariya, ya ce Purofesa ya fara karatu ta ƙeya. Ban yi dariyar ba, shi ma tasa ba ta daɗe ba.

Inna ce ta tare shi. Ita yayarsa ce, ta goya shi, ba kunya a tsakaninsu. Ina daga cikin ɗaki ina jin su a madafa. Ta ce masa maginin zai fara haƙa harsashi bayan sallar layya, kuma Alhaji, wato Baba, ya cire ɗakinsa. Ta ce ba ta neman komai sai ya fito gaban mazan layi ya faɗi abin da yake yi da gashin, in kuma ba zai faɗa ba, ya dafa Alƙur'ani ya ce ba tsafi ba ne.

"Yaya, ni kike so in dafa Alƙur'ani a kan gashin agwagwa?"

"In ba komai a ciki, me zai hana ka?"

"Ke da bakinki kin yarda ke nan."

"Ban yarda ba, ban ƙi ba. Ka ba ni abin da zan riƙe."

Ya ce kayan aiki ne, kuma iyakar abin da zai ce ke nan. Ta ce to wane aiki ne ba shi da suna. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Ni da nake saurare na ga amsarsa ta fi shirunsa muni. Mutumin da ke da gaskiya mai sauƙi haka, me zai sa ya zaɓi rasa ɗaki a kan ya faɗe ta?

A wancan zamanin akwai abin da ake kira animasiyo. A rufe aji, a raba mana riguna masu launin jam'iyya, a loda mu a manyan motoci a kai mu duk inda wani babba zai zauna, mu yi waƙa da rawa da tafi. Ni kullum layin baya nake nema, in riƙa motsa baki. Wata Asabar aka ce za mu je tafi a wasan ƙarshe na gasar badminton ta ƙasa. Haka na wuce sojan bakin ƙofa na shiga zauren nan karo na farko, ba don na nema ba.

Kafin a fara, shugaban ƙungiyar wasan, wani mai ƙaton ciki da farin tabarau, ya yi dogon jawabi. Ya ɗaga wani dogon kwali mai kama da gorar ruwa, da rubutun ƙasar waje a jikinsa, ya ce albarkacin kulawar manya, 'yan wasanmu ba su taɓa rasa kayan wasa irin na ƙasashen da suka ci gaba ba. Aka ɗaga mana hannu, muka tafa. Ya buɗe kwalin ya zaro wani abu fari ya miƙa wa alƙalin wasa.

Ba ƙwallo ba ce. Wani ɗan dunƙule ne da gashin tsuntsu a jere kewaye da shi kamar bakin mazurari. Ɗan ajinmu da ke gefena ya ce bolan ake kiransa. Kawu, da ke tsaye a fili zai buga wasan ƙarshen, ya karɓe shi da dama, ya sake shi, ya ɗaga shi sama da hagu. Abin ya tashi yana juyawa, ya tsaya cak a ƙarƙashin rufi, ya juyo da kai ya sauko. Na daina motsa baki gaba ɗaya.

Wasan bai yi tsawo ba. Abokin karawarsa ɗan jami'a ne, dogo, ya fi shi ƙuruciya, amma Kawu ya riƙa aika shi kusurwar baya ya dawo da shi bakin raga har yaron ya fara dafa gwiwa. A tsakiyar wasa wani bolan ya karye, yaron ya share shi da raket zuwa gefenmu, ya tsaya kusa da ƙafata. Na taka shi a hankali, da aka tashi tafi na sunkuya na sa shi a aljihu. A bayan zaure na duba. Gindin tsoho ne, ya sha huda. Gashin sabo ne. Zaren da ya riƙe shi irin farin zaren nan ne na kan tebur ɗina, kuma ƙullin irin wanda Kawu ke yi wa igiyar gidan sauronmu ne, wanda ba na iya kwancewa saboda a juye yake.

Ban hau motar makaranta ba. Na jira shi a gindin wata bishiya har ya fito da kofinsa a naɗe cikin tawul. Muka kama hanyar gida a ƙasa. Na buɗe hannuna na nuna masa. Ya waiga baya kafin ya dube ni.

"Mai da shi aljihu."

Na mayar. Sai da muka wuce ofisoshi muka shiga cikin hayaniyar masu talla ya fara magana, a hankali, yana kallon gabansa. Ya ce bolan na waje ya ƙare tun bara waccan. An sanar a rediyo cewa an kawo wanda zai isa shekaru, kuma tunda an sanar, babu wanda zai iya zuwa ya ce ya ƙare. Shugaban ƙungiya ba zai faɗa wa na sama da shi ba, na sama ba zai tambaya ba. Shi kuma in babu bolan babu wasa. Sai ya fara tara tsofaffin gindin, ya gwada gashin kaza, ya gwada na zabo, har ya dace da na agwagwa. A gida yake gyara gashin, a wani ɗan ɗaki bayan zauren wasa yake dasawa, shugaban da kansa yake zubawa a kwalayen waje. Tururin don kada gashin ya bushe ya karye ne. Motsin bakin kuwa ƙirga ne.

Na ce to ai shi ke nan, sai mu je ya faɗa wa mazan layi, yau ɗin nan.

"Purofesa, mutum nawa ke cin abinci a ƙofar gidanku?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ka san na wa ne kunnen kowannensu? Ni ban sani ba. In na faɗa yau, jibi an ji a inda ake ji cewa Bahago yana yawo a Zango yana cewa gwamnati ta yi ƙarya. Gara a ce ina tsafi. Ba a ɗaukar mutum a mota saboda tsafi."

Na ce ɗakin fa. Muka tsallake titi. Sannan ya ce Alhaji kaɗai zai nuna wa, ba don ɗakin ba, don butar.

Ranar Lahadi bayan la'asar na ce wa Baba Kawu yana roƙon ya shigo ɗakinmu. Bai taɓa shiga ba tun da nake. Ya tsaya daga bakin ƙofa, sannan ya shigo ya zauna a kujerata, ya tattare rigarsa kada ta taɓa komai. Kawu ya tsuguna ya buɗe gwangwanin biskit, ya fitar da komai a kan tabarma: gashin, reza, zare, kwalbar gam, tsofaffin gindi. Ya faɗi abin da ya faɗa mini, a taƙaice, kansa a ƙasa. Ni kuma na faɗi abin da na gani a zaure, na ajiye karyayyen bolan ɗin a kan tebur.

Baba ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba. Tambaya ɗaya ya yi, kuma ni ya duba da ya yi ta.

"Na hagun fa?"

Kawu ya shirya wa wannan. Ya ɗauko bolan biyu da ya haɗa, ya ce ɗaya duk gashin fiffike ɗaya ne, ɗayan kuma ya gauraya hagu da dama. Ya jefa na farko sama, ya juya sumul ya sauko a tafin hannunsa. Ya jefa na biyu, ya yi tangaɗi kamar kazar da aka jefo daga kan katanga, ya faɗa bayan gado. Ya ce gashin kowane fiffike da inda ya lanƙwasa, in an gauraya sai su yi ta faɗa da juna a iska.

"To a yi duka da na dama mana," in ji Baba.

Kawu ya ce zai tashi, amma zai juya ta ɗaya gefen, kuma na waje da 'yan wasa suka saba da shi ta wannan gefen yake juyawa. Baba ya ce wa ya ce wa Turawan su zaɓi hagu. Kawu ya ce wannan kam bai sani ba.

Baba ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Na gani. Amma mutane ba su gani ba, kuma ka ce kada su gani."

"Haka ne, Alhaji."

"To."

Ya fita. Na bi fuskarsa da kallo a kwanakin nan ina neman in gane ko ya gamsu, ban gane ba. Bai faɗa wa kowa ba, har Inna sai da aka yi shekaru kafin ta ji. A ƙofar gida, in mai goro ya tayar da maganar, sai Baba ya ce Allah ne masanin abin da ke ɓoye, ya sa hannu a kwano. Wasu suka fassara wannan da cewa ya bincika ya tabbatar.

Bayan sallar layya muka je filin da magini. Wajen duk ciyawa ne da jar ƙasa, ga turakun filayen mutane nan da can. Baba ya karɓi sanda ya fara ja a ƙasa, magini yana bin sa da igiya. Ya ja zaure, ya ja ɗakinsa, ya ja na Inna, ya ja madafa. Kawu yana tsaye can gefe, hannuwansa a baya, wai rakiya ya zo. Sai Baba ya koma kusa da ɗakin Inna ya ja wani ɗaki, a daidai inda yake a zanen farko. Na ji Inna ta sauke numfashi. Magini ya tambayi inda ƙofa za ta kasance. Baba ya taka ya zagaya, ya soka sandar a bangon da ke kallon titi.

Inna ta ce, "Alhaji, ta waje?"

Ya ce mutum ne mai fita da sassafe, kada ya riƙa tashin mutane.  Kawu ya zo ya tsaya a cikin layukan, ya duba inda sandar take, ya duba inda ɗakin yayarsa yake. Ya ce wa magini ya ɗaga rufin sosai, yana so ya riƙa gwada abu a ciki. Inna kuwa ta ja maginin gefe, kuma da aka gama gini sai ga wata 'yar taga a bangon da ke kallon tsakar gida, daidai faɗin kwanon tuwo. Baba ya gan ta, ya bar ta.

A wannan ɗakin Kawu ya zauna sauran shekarun wasansa. Ya ƙara cin gasar badminton, tanis kuwa gwiwa ta raba shi da shi tun kafin furfura. Daga baya ya koma koyar da yara a wani fili a Avédji, yana zuwa a tsohon keke. Mazan layi sun saba da shi yadda ake sabawa da rijiyar da aka ce akwai wani abu a cikinta, ana gaisawa, ana zuwa neman ya sa baki a wajen wani babba, amma mata suna janye 'ya'yansu daga ƙofarsa. Lokacin da bakin mutane ya buɗe, aka fara faɗin abin da ba a faɗa a da, na ce masa yanzu sai ya ba da labarin. Ya ce wa ya rage da zai saurara, mai goro ya rasu, sauran kuma sun fi son nasu labarin.

Ranar da muka tare a sabon gidan, ina taya shi jera kofunansa, sai muka ji an ƙwanƙwasa 'yar tagar nan. Baba ne. Bai leƙo ba, hannunsa kawai muka gani, ya turo wata sabuwar butar ƙarfe, da takardar kanti a manne a jikinta. Ya ce ga wannan, ta aikinsa ce. Kawu ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da Baba ya tafi, ya juya butar ya duba gindinta, ya dube ni.

"Purofesa, kai da ka yi karatu. Kyauta ce wannan, ko kuwa kada in ƙara taɓa tasa?"

Na ce ban sani ba. Tsohuwar butar dai ta zo tare da kayanmu daga tsohuwar Zango. Inna ta goge ta da toka har tana ƙyalli, ta ajiye ta a madafa inda Baba zai gani. Na sa ido a kanta shekara da shekaru. Bai ce a jefar ba, bai kuma sake alwala da ita ba.